Mu goma sha ɗaya ne, ejan ya ce ɗaki uku: yaya za mu raba makwanci a jirgin ruwa?

Uwargida a Kabuga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, domin an ɗora mini aikin da ya fi ƙarfin lissafina. Maigidan ya yi niyyar idan mun kammala Umara a hutun yara mai zuwa, mu shiga jirgin ruwa daga Jidda mu yi kwana bakwai a kan Bahar Maliya kafin mu dawo Kano, kuma ya ce ni zan tsara yadda za a kwana tunda ni ce babba. Mu goma sha ɗaya ne: shi, da ni, da abokiyar zamana, da Hajiya mahaifiyarsa wadda ta haura saba'in kuma gwiwa tana damunta, sai yara bakwai. Nawa huɗu ne, namiji mai shekara 17, mace mai 15, namiji mai 11 da mace mai 8. Nata uku ne, namiji mai shekara 5, mace mai 3, da jaririya wadda za ta cika wata takwas a lokacin tafiyar.

Ejan ɗin da muke hulɗa da shi ya ce ɗaki uku sun ishe mu, biyu masu ɗaukar mutum huɗu-huɗu, ɗaya mai ɗaukar uku. A takarda lissafinsa ya fita, amma kwanana biyu ina jujjuya sunayen nan a bayan littafin aikin gida na yara, duk yadda na jera su sai wani ya faɗa inda bai kamata ya kwana ba. Na ce masa jaririyar ai ba za a ƙirga ta ba tunda a jikin uwarta take kwana, sai ya ce ko kwananta nawa a duniya, mutum guda ce a wurin masu jirgi. Don Allah da gaske haka dokar take, kuma in ku ne yaya za ku raba mutanen nan?

Ejan a Titin Gidan Zoo

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni ma sana'ar tikiti nake yi, kuma abin da abokin sana'ata ya gaya miki game da jaririya gaskiya ne, ba dabarar ƙara kuɗi ba ce. A otal ɗin Makka ko Madina kina iya roƙo a ƙaro katifa a shimfiɗa a ƙasa, amma a jirgin ruwa kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka yi masa rajista, kuma yawan fasinjojin jirgi gaba ɗaya an ɗaure shi ne da guraben da ke cikin kwale-kwalen ceto. Asalin wannan ƙa'ida shi ne yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, jirgin da kwale-kwalensa ba su isa su kwashe mutanen cikinsa ba. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce, tare da gyare-gyaren da aka yi ta yi mata. Shi ya sa kwamfutar kamfani ba za ta karɓi suna na biyar a ɗakin mutum huɗu ba, ko da mai sunan bai fara rarrafe ba.

Sannan ina so ki gane abin da ake nufi da ɗaki mai ɗaukar huɗu, domin mutanenmu da yawa suna zaton gadaje huɗu ne a jere. Ɗakin talakawan jirgi yakan kama murabba'in mita 14 zuwa 17, wato ya ɗan ɗara ɗakin nan namu na ƙafa sha biyu da sha biyu, amma a cikinsa aka yanka banɗaki da kabad. A ƙasa akwai gadaje biyu masu cin mutum ɗai-ɗai, waɗanda ake haɗewa su zama babban gado idan mata da miji ne. Sauran makwancin biyu ko dai gadajen sama ne da ake saukowa da su daga silin ko daga bango a hau su da ɗan tsani, ko kuwa doguwar kujera ce da ake buɗewa da daddare.

Ba ki faɗi kamfanin ba. Idan jirgin AROYA na Saudiyya ne, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024, to babu giya babu caca a cikinsa, kuma yana ɗaukar fasinjoji sama da 3,000. Kowane ne dai, ki tambayi dokarsu ta shekaru. Kamfanoni da dama ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, a tafiyar da ake tsallake babban teku ma sai ya shekara. Kuma sukan so a samu babba a kowane ɗaki. Royal Caribbean alal misali shekara 21 ya sa ga jiragen da ke tashi daga Arewacin Amurka, 18 ga na Turai, saboda haka ko ta wane ma'auni aka bi, yaronki mai 17 ba ya tsayawa a matsayin babban ɗaki.

Maman Tagwaye, Rijiyar Zaki

Yaya, kafin a kai ga wa zai kwana da wa, ki fara tabbatar da inda ɗakunan suke, domin a nan muka ƙone. Mu shida muka shiga jirgi daga tashar Rashid a Dubai, ni da Abbansu da yara huɗu, muka kama ɗaki biyu a kan farashi mai rahusa, irin wanda kamfani ne yake zaɓar muku ɗaki ba ku kuke zaɓa ba. Ba wanda ya ja hankalinmu a kan ma'anar hakan sai da katunan ɗaki suka fito, muka ga ɗaya a hawa na tara can wajen goshin jirgi, ɗayan a hawa na goma sha biyu wajen wutsiya. Jirgin nan tsawonsa ya haura mita 300. A dare na biyu ɗaya daga cikin tagwayen ya yi ta amai wajen ƙarfe biyu, maganin kuma yana jakar da ke ɗakin Abbansu, haka na zura hijabi na bi wannan dogon lungu mai kafet, ƙofofi iri ɗaya hagu da dama, na hau lif na sauka a hawan da ba shi ba, kafin na dawo yaron ya ɓata zanen gado biyu.

Don haka ki sa a rubuta miki lambobin ɗakunan kafin a biya ko kwabo, ki buɗe taswirar jirgin ki gan su da idonki. Kuma ki bambance ɗakunan da suke maƙwabtaka kawai da waɗanda suke da ƙofar tsakani a ciki. Na farkon sai kin fito lungu kin sa kati kafin ki shiga ɗayan, na biyun kuwa kina iya barin ƙofar a buɗe su zama kamar ɗaki da falo. Masu ƙofar tsakanin ba su da yawa a jirgi, su ake fara kamawa.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wurin salla. Ɗakinmu mai kujerar nan ce, da an buɗe ta sai ta cinye filin da ya rage, ko darduma ɗaya ba ta shimfiɗuwa. Kullum da asuba sai mun ta da yarinyar da ke kai mun naɗe kujerar tukuna. In da zaɓi, ɗaki mai gadajen sama ya fi barin fili a ƙasa.

Alhaji a Kantin Kwari

Hajiya, ni ban ga abin wahala a nan ba, kuma ejan ɗinku bai yi kuskure ba. A raba maza da mata kamar yadda ake yi a tantin Mina. Maigida ya kwashi 'ya'yansa maza uku, mai 17 da mai 11 da mai 5, sun zama huɗu. Ke da Hajiya da 'yan matanki biyu kun zama huɗu. Amarya da 'yarta mai shekara uku da jaririya sun zama uku. Kowane ɗaki yana da babba, babu namiji baligi a ɗakin mata, ba a ƙara ko sisi ba. Kwana bakwai ne fa, ba zaman shekara za ku yi ba.

Uwargida a Kabuga

Na gode Alhaji, kuma wannan jerin shi ne na farko da na rubuta, sai na soke shi saboda dalilai biyu. Na ɗaya, shekarata goma sha tara a gidan nan ban taɓa cire ɗankwali a gaban Hajiya ba, ban taɓa miƙe ƙafa ina kwance tana zaune ba. A ɗakin da ejan ya kwatanta, tazarar gadona da nata ba za ta wuce kamu biyu ko uku ba, banɗaki ɗaya, ga canza kaya, ga fitowa daga wanka. Ita ma na san za ta takura fiye da ni, domin mace ce mai kawaici, tana iya danne buƙatarta ta shiga banɗaki da daddare don kada ta tashe ni.

Na biyu kuwa zan faɗe shi ne saboda ba a san ni a nan ba. A wannan tsari ɗakin abokiyar zamana ne kaɗai babu kowa sai ƙananan da ba su san komai ba, nawa kuma yana da suruka da 'yan mata. Ba na zargin kowa, amma duk matar da take da abokiyar zama ta san abin da zuciya za ta riƙa raya mata tsawon dare bakwai, kuma ba na so mu je hutu mu dawo da abin da za a yi wata shida ana gyarawa.

Amarya a Hotoro

Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ma ta biyu ce a gidanmu, shi ya sa nake hango ɗaya ɓangaren. Ɗakin da kike ganin kamar gata ne, ita a wurinta aiki ne. Mace ɗaya da jaririya mai shan nono da 'yar shekara uku a ɗakin da ba ta saba da shi ba, idan ta shiga wanka wa zai riƙe mata su? Ke kina da 'yan mata biyu da za ki aika, ita ba ta da ko ɗaya. In dai ɗaki ukun ne ba makawa, a mayar da 'yarki mai 15 ɗakinta ta taya ta, su zama huɗu, ke da Hajiya da mai 8 ku zama uku. Da haka ɗakinta ya cika, kuma da budurwa a ciki, abin da zuciya take raya miki ya kau da kansa. Sai dai na yarda wannan bai raba ki da Hajiya ba.

Ina kuma da tambaya: an zauna da ita a kan tsarin nan, ko sai an gama za a sanar da ita?

Malamin Islamiyya, Gwammaja

Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta tsaya yin wannan tunani, domin abin da ta kasa jerawa a takarda yana da tushe a addini. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito an umarce mu da mu sa yara salla suna da shekara bakwai, idan sun kai goma a tsananta musu a kanta, kuma a raba musu shimfiɗa. Mai 17 da mai 15 da mai 11 duk sun wuce wannan iyaka, saboda haka duk tsarin da zai haɗa biyu daga cikinsu a kan kujerar nan da ake buɗewa ta zama gado ɗaya, a bar shi. Aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta ambaci lokuta uku da yara suke neman izini kafin su shiga wurin iyaye: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ɗakin da yaro mai wayo yake kwance a gadon sama, iyayensa suna ƙasa a gado ɗaya, ya rushe wannan ladabi gaba ɗaya, ko da kamfani ya kira shi ɗakin iyali.

Game da rabon kwana, ya tabbata a Bukhari daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. A nan da su duka za a tafi, don haka abin da ya rage shi ne adalci a cikin tafiyar. Idan maigida ya kwana da 'ya'yansa maza duk dare bakwai, kuma matan biyu sun yarda da hakan da daɗin rai, bai fifita kowa ba. Idan kuma za a ci gaba da rabo, kada adadin bakwai ya dame ku. A yawancin gidajenmu na Kano kwana bibbiyu ake yi, to wadda tafiya ta ƙare a tsakiyar kwananta sai ta ƙarasa a gida. Lissafin girki ba ya farawa daga ranar shiga jirgi, ba ya kuma ƙarewa ranar fita.

Dattijo mai ritaya, Fagge

'Yata, na yi shekaru ina aikin jirgin ƙasa, kuma irin wannan rigima na sha ganinta a taragon kwana tsakanin Kano da Legas, inda gado yake bisa gado. Magidanci zai zo da iyalinsa a cika ɗaki ɗaya don a rage kuɗi, kafin a kai Minna sai ka same shi a tsaye a bakin ƙofa yana shan iska, wai zafi ne ya fito da shi, alhali kunyar surukarsa ce ta hana shi kwanciya.

Ku duba yadda kakanninku suka gina gida a cikin birni, amsar tana nan. Maigida yana da turakarsa, mata suna da ɗakunansu, mai girki ita take zuwa turaka, samari suna shago a waje, tsohuwa tana sashenta da jikokinta mata. Ba a taɓa cewa maigida ya riƙa yawo da matashin kansa daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Ku kama ɗaki huɗu. Ɗaya turaka. Na biyu ya kasance mai ƙofar tsakani da turakar, a sa ƙananan yara a ciki, wadda ba ita ke da kwana ba ta kwana da su. Na uku Hajiya da 'yan mata biyu, su yi mata hidima, ita kuma ta sa musu ido. Na huɗu samari biyu. Wanda ya iya kai mutum goma sha ɗaya Umara, ɗaki ɗaya ba zai karya shi ba.

Alhaji a Kantin Kwari

Baba, Allah ya ƙara girma, amma kuɗin ba na ɗaki ɗaya ba ne kawai kamar a otal, kuma a canjin da ake ciki yanzu duk abin da aka ƙirga da dala ko riyal sai an yi masa kallo biyu. Ejan ya yi mana lissafi mu ji. Ni a ganina ma in ana son sauƙi, Hajiya da jaririya da mahaifiyarta su zauna a Makka su yi ta ɗawafi, sauran su je su dawo.

Amarya a Hotoro

Alhaji, wato a bar amarya da goyo da tsohuwa a otal, uwargida ta tafi teku da miji kwana bakwai? Wannan shawarar in ka kai ta gidanka ka dawo ka ba mu labari.

Ejan a Titin Gidan Zoo

Ga lissafin da Alhaji ya nema. A jirgin ruwa kan mutum ake biya, kuma mutum biyun farko a kowane ɗaki su suke biyan cikakken kuɗi, ko da na biyun yaro ne, na uku da na huɗu kuma a kan ragi. A ɗaki uku za ku biya cikakke shida da ragi biyar. A tsarin Baba na ɗaki huɗu za ku biya cikakke takwas da ragi uku. Bambancin ke nan, mutum biyu sun tashi daga ragi sun koma cikakke. Kuɗin hidimar ma'aikata da yawancin kamfanoni suke ɗorawa kowace rana kan mutum yake bi, ba ɗaki ba, don haka bai canza ba. Ana iya rage nauyin ta hanyar sa samarin a ɗakin ciki marar taga, wanda shi ne mafi arha, kuma yawanci irinsu suna fuskantar masu taga ne a lungu ɗaya.

Inda tsarin Baba yake da matsala shi ne ɗakin samari, tunda babu babba a ciki. Wasu kamfanoni sukan yarda idan ɗakin yana manne da na iyaye ko yana kallonsa kai tsaye. Abin da mutane da yawa suke yi kuwa shi ne a rubuta uba da yaro ɗaya a wannan ɗaki, uwa da ɗayan a wancan, bayan an shiga a je teburin karɓar baƙi a nemi ƙarin kati, kowa ya kwana inda aka shirya.

Malamin Islamiyya, Gwammaja

Wannan dabara ta ƙarshe ban natsu da ita ba. A rubuta wa masu jirgi cewa wane yana ɗaki kaza alhali an san ba a nan zai kwana ba, don a kauce wa sharaɗin da aka sa hannu a kansa, ba abin da zan ba wa mutumin da ya fito daga Umara shawara ba ne. A tambaye su a rubuce, in sun yarda shi ke nan, in sun ƙi a nemi babba a ƙara.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

Ina goyon bayan Malam, kuma ba don amana kaɗai ba. Kowane ɗaki yana da wurin taruwar da aka ware masa idan an yi ƙararrawar haɗari, an buga shi a jikin katin kowa, yara ƙanana ma a kamfanoni da yawa akan ɗaura musu shi a hannu. Idan ɗakunan suna jere, galibi wurin taruwarsu ɗaya ne, amma idan sun yi nisa sai a rubuta uba a wani wuri, ɗansa a wani. Ba wasa suke yi da wannan ba. Lokacin da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairu na 2012, mutum 32 suka rasu, kuma akwai ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Bayan wannan ne aka tsaurara doka cewa a yi wa fasinjoji wannan bayani kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Bari in ƙara abin da ya shafi aikina. Likitocin yara suna hana wanda bai kai shekara shida ba kwana a gadon sama, don haka mai 5 da mai 3 dole a ƙasa za su kwana, kuma a ƙirga gadajen ƙasa da wannan a zuciya. Gadon jarirai a nema tun wajen biyan kuɗi, a kuma tabbatar ɗakin yana da filin ajiye shi. Ɗakin ƙananan nan ni ba zan so ya zama mai baranda ba, yaro ɗan shekara biyar ya iya jan kujera ya taka. Ita kuma Hajiya a nema mata tsakiyar jirgi kuma hawa na ƙasa-ƙasa, domin nan ne tangaɗi ya fi sauƙi, goshin jirgi da hawan sama su suka fi kawo jiri da tashin zuciya. Banɗakin jirgi yawanci yana da ɗan tudu a bakin ƙofa wanda sai an ɗaga ƙafa, wurin wankan kuma matsattse ne. Akwai ɗakunan da aka tanada wa masu lalurar tafiya, ƙofarsu ta fi faɗi, banɗakinsu ba tudu, da maƙalai a bango da kujerar wanka, amma kaɗan ne. Ku tafi mata da butarta, kuma ku ja wa yara kunne cewa masan jirgi da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, ƙyallen goge jariri ɗaya yana iya toshe na ɗakuna da dama.

Maman Tagwaye, Rijiyar Zaki

Tunda an zo kan ƙananan abubuwa, bangon ɗakin da silinsa ƙarfe ne a yawancin jirage. Ki sayi ƙugiyoyi masu maganaɗisu, ki tafi da zani ko mara nauyin labule, sai ki rataya tsakanin gadon Hajiya da na 'yan matan, ta samu sutura wajen canza kaya. Akwatuna kuma ƙarƙashin gado ake tura su, in ba haka ba ba wurin taka ƙafa. Ɗakin samarin marar taga kuwa, da an kashe fitila duhu ne kamar rijiya, rana tana iya take ba su sani ba, sai an riƙa buga musu wayar ɗaki da asuba.

Uwargida a Kabuga

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwata ta Hotoro, tambayarki ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ban zauna da ita ba. Jiya bayan isha'i na kira ta ɗakina na ajiye mata takardar, sai ga shi ita ma abin yana cinta, tana tsoron a haɗa ta ɗaki da Hajiya jaririya ta hana tsohuwa barci. Ita ce ma ta hango abin da ya kuɓuce mana duka: ranar kwananta da jaririyar za ta tafi turaka tunda tana shan nono, saboda haka turakar sai ta zama mai ɗaukar uku, ɗakin da ke manne da ita kuma mai ɗaukar huɗu, domin ranar kwanana ita da 'ya'yanta uku ne a ciki.

Mun kai wa maigidan tsarin Baba na Fagge. Ya yi shiru da ya ji ƙarin kuɗin, daga baya ya ce gara hakan da a dawo ana gaba. Maganar samari kuma ya bi ta Malam, za a ƙara ƙaninsa mai shekara 24 ya kwana da su, mun zama goma sha biyu ke nan, cikakke takwas da ragi huɗu. Ejan ɗinmu ya samo masu ƙofar tsakanin a tsakiyar jirgi, na samari yana kallonsu, na Hajiya ne yake ƙofa biyar daga namu domin shi ne mai banɗakin da ba tudu, kuma na ce sai ya tabbatar mana a rubuce cewa wurin taruwarmu ɗaya ne kafin a biya. Da aka gaya wa Hajiya za ta kwana da jikokinta ta yi murna, sai dai ta ce ita ba ta kwana a ɗakin da ba a turara ba, a sa mata kaskonta da gawayi a kaya. Shin ana barin wannan?

Ejan a Titin Gidan Zoo

A'a Hajiya, wannan kam ba a bari. Babu abin da masu jirgi suke tsoro kamar gobara, shi ya sa turaren wuta da kyandir da dutsen guga duk suna cikin kayan da ake ƙwacewa tun wajen binciken akwatuna, kuma kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi a silin. Kaskon lantarki ma kada a ɗauka, domin duk abin da yake yin zafi a jerin yake. A turara mata zannuwanta da mayafanta sosai tun daga gida a ƙulle su a leda, humra da turaren fesawa kuma a sa su a cikin babban akwati.